A bar mana kwatance a aji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da abin da baƙonku ya faɗa a shirin ilimi na makon jiya, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne mai gabatarwa bai ce masa uffan ba. Wai malamai su daina cika wa yara kunne da ra'i (wato hasashen masana kan yadda abu yake aiki) da kwatance, su ba su tabbataccen abu kawai su haddace. Kimiyya nake koyarwa a sakandare, na san abin da wannan shawara take haifarwa. Yaro zai rera maka ma'anar wutar lantarki tiryan-tiryan, amma ka tambaye shi me ya sa ƙwayayen fitila suke dushewa in an jera su a kan waya ɗaya da batir guda, sai ya yi zuru.

Ni da ruwa a bututu nake fara musu. Batir shi ne injin da ke tura ruwan, waya ita ce bututun, siririyar waya kuwa matsattsen bututu. Nan da nan sai ka ga ido ya buɗe. Daga nan sai in ce su nemo mini inda kwatancen ya gaza, kuma ba a rasa wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, in an yanke bututu ruwa zuba yake yi, in an yanke waya kuwa wuta tsayawa take yi." Wallahi a daidai nan darasin yake zama a kansu. Baƙonku ya ce kwatance yana ɓatar da yara. Yana ɓatar da su ne in malami bai nuna musu inda ya tsaya ba.

Kuma wa ya gaya masa manyan masana da hadda suka kai inda suka kai? Bayan Rutherford ya gano cibiyar ƙwayar zarra a 1911, Bohr ya siffanta ƙwayar zarrar a 1913 kamar duniyoyi masu kewaya rana. Siffar ba ta cika daidai ba, an maye gurbinta a shekarun 1920, amma da ita aka fara gane dalilin launukan hasken da iskar haidurojin take fitarwa. Mendeleev ya jera sinadarai a jadawali a 1869, ya bar wasu gurabe wayam, ya ce masu su na nan ba a dai gano su ba, har ya kintaci nauyinsu. Aka gano biyu daga cikinsu, galiyom a 1875, jamaniyom a 1886. Me ya haddace a lokacin, alhali ba wanda ya taɓa ganinsu? Ra'insa ne ya nuna wa mutane inda za su duba.

Don Allah in za ku sake taɓo wannan batu, ku gayyato wanda yake tsayawa gaban allo kullum. Sannan ku rage kiɗan nan da kuke sawa a ƙarƙashin magana, rabin abin da masu kiran waya suka faɗa ban ji shi ba.

Naku,
Wani malamin kimiyya