Kafin a naɗa wa Spurs rawani, a duba kafaɗa da layin maki uku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka da ma'aikatan sashen wasanni, da fatan an ga ƙarshen damina lafiya. A shirinku na wasanni an taɓo ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, kuma abokin aikinku ya ce bana, wato kakar 2025-26, kofi na San Antonio Spurs ne tunda suna da Victor Wembanyama. Maganar ta yi wa samarin fada daɗi, don yaron Bafaranshe ne, mahaifinsa kuma tushensa Kwango, to da yawa a nan Maradi sun ɗauke shi nasu. Sai dai an yi gaggawa, ranka ya daɗe.

A fara da lissafi. Wasa 82 kowace ƙungiya take yi a kaka. Spurs sun ci 22 a kakar 2022-23, suka sake cin 22 a ta 2023-24, bara, wato a ta 2024-25, suka ci 34 suka sha kashi a 48. Zuwa farkon kakar 2025-26, rabonsu da shiga zagayen neman kofi tun 2019. A ɓangarensu na Yamma, shida na sama ne ke wucewa kai tsaye, kuma Minnesota da ta zo ta shida bara sai da ta ci 49. Daga na bakwai zuwa na goma sai sun yi wasan cike gurbi. Dallas ta kama na goma da 39. Oklahoma da ta ɗauki kofi ta ci 68. Ke nan wasa goma sha biyar ne tsakanin Spurs da ƙofar shiga kai tsaye, ba a ma zo zancen kofi ba.

Shi Wembanyama ba a gardama a kansa. A Oktoban 2025 shekararsa 21, tsawonsa ya haura mita 2 da santimita 20. Bara yana zuba maki 24 da ɗoriya a kowane wasa, yana cafke ƙwallo 11 daga allo, yana doke jifan abokan hamayya kusan sau huɗu. Amma wasa 46 kaɗai ya buga. A Fabrairun 2025 likitoci suka gano jini ya daskare ya yi gudaji a jijiyar kafaɗarsa ta dama. Masu cewa ai ciwon kafaɗa ne a shafa magani ba su gane ba. Haɗarin shi ne gudajin ya ɓalle ya bi jini ya toshe huhu. Maganinsa na tsinka jini ne, kuma mai shan sa ba ya wasan da ake karo da gwiwar hannu, don ƙaramin bugu na iya sa jini ya yi ta zuba a ciki. Irin wannan matsala ce ta raba ɗan wasan NBA Chris Bosh da wasa a 2016. Brandon Ingram kuwa ya same ta a hannu a 2019, aka yi masa aiki, ya dawo har aka zaɓe shi cikin taurari a shekarar da ta biyo. A Yulin 2025 an ba Wembanyama izinin komawa fili. Abin dubawa yanzu ba makinsa ba ne, yawan wasan da zai buga ne. In ya kai 65 zuwa 70, ana iya magana. 65 ɗin ma ita ce ƙa'idar da sai ɗan wasa ya cika kafin a ba shi manyan kyaututtuka, har da ta gwarzon tsaro da kowa ke cewa tasa ce.

Inda na fi so a tsaya shi ne wajen masu riƙe ƙwallo. Spurs suna da uku: De'Aaron Fox da suka karɓo daga Sacramento a Fabrairun 2025, Stephon Castle da ya zama gwarzon sababbin ƴan wasa na bara, da Dylan Harper da suka zaɓa na biyu a zaɓen 2025. Duka ukun gwanaye ne wajen kutsawa zuwa kwando, kuma duka ukun hannunsu bai zauna ba a jifan nesa, wato na bayan layi mai kawo maki uku maimakon biyu. Kamar ƴan kabu-kabu uku ne a kan babur ɗaya, kowa ya iya tuƙi, ba mai son zama a baya.

Ga yadda abin ke lalacewa a fili. Dabarar da aka fi yi a NBA ita ce dogo ya zo ya tsaya ya yi wa mai ƙwallo shinge, mai tsaronsa ya ci karo, sannan dogon ya juya ya nufi kwando. In mai ƙwallon yana da hannu daga nesa, dole mai tsaro ya bi ta saman shingen, ya makara, hanya ta buɗe. In ba shi da hannu, sai mai tsaro ya zagaya ta ƙasa ya jira shi, sauran kuma su bar mutanensu su taru a gindin kwando. Wembanyama ya juyo ya tarar da mutum uku. Me ya sa suke yarda su bar mutum shi kaɗai? Lissafi ne kurum. Castle ya ci kashi 28.5 cikin ɗari na jifansa na maki uku bara, wato in ya jefa ɗari, maki 85 zai kawo. Wanda ke cin rabin jifansa na maki biyu yana kawo 100. To kowane mai horarwa zai ce a bar shi ya jefa. Abokin wasansa Harrison Barnes kuwa ya ci kashi 43, jifa ɗari maki 129, shi ya sa ba a barin sa ko da taki biyu. Fox a tsawon wasansa yana yawo ne wajen kashi 33.

Gyaran ba boyayye ba ne, iya bin sa ne aiki. Kada a haɗa ukun a fili lokaci ɗaya sai da dalili. A bar biyu, a sa masu hannu biyu, Barnes da Devin Vassell ko Julian Champagnie, a kusurwoyi, inda layin ya fi kusa, mita 6.70 maimakon 7.24 na tsakiya. Wani lokaci Wembanyama ya yi shingen ya ja baya waje maimakon ya shiga, tunda yana jefa na nesa kusan tara a wasa yana cin kashi 35. Sai dai wannan yana da kuɗinsa: duk lokacin da ya tsaya waje, mafi tsawo a filin ya yi nesa da allo. Kuma a tuna wasa biyar kacal shi da Fox suka yi tare kafin ɗaya ya kwanta da kafaɗa, ɗayan aka yi masa aiki a ɗan yatsa. An ƙara wa Fox kwantiragin shekara huɗu ta sama da dala miliyan 200 a kan haɗin da ba a gama gani ba.

Chris Paul, tsohon hannun da ya riƙe wa Spurs ƙwallo bara, ya koma Clippers a 2025. An yi ta yi masa dariyar tsufa, amma yana ɗan shekara 39 ya buga duka 82, yana ba da ƙwallon da ake ci sama da bakwai a wasa, ba ya kuma zubar da ita a banza. Samari suna zubarwa, kuma a minti biyar na ƙarshe ƙungiyoyin yara ke asarar wasannin da suka riga suka ci.

Cinikin da ya fi burge ni shi ne wanda ba a yi masa kiɗa ba, wato ɗauko Luke Kornet daga Boston. Wasan NBA minti 48 ne, Wembanyama yana yin wajen 33. A sauran sha biyar ɗin ne ake yi wa Spurs ɓarna, don gindin kwando ya zama kasuwa. Kornet dogo ne, ya ci kofi a 2024, ya san tsayuwa da ɗaga hannu ba tare da laifi ba. Masu buga wasa a filayenmu su lura da wani bambanci: a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, da muke bi, mai tsaro na iya kafa sansani a gindin kwando, a NBA kuwa in ya wuce daƙiƙa uku ba ya tsaron kowa, laifi ne. Don haka ƙungiya mai dogon da ke jifa daga waje, irin Denver da Nikola Jokić, tana iya janyo Wembanyama daga inda ya fi ban tsoro.

Mai horarwa ma sabo ne. Gregg Popovich, wanda ya kawo musu kofi biyar tsakanin 1999 da 2014, ya sauka a Mayun 2025 bayan shanyewar ɓarin jiki da ta same shi a Nuwamban 2024. Mitch Johnson da ya riƙe bara yanzu kujerar tasa ce, kuma shi zai gaya wa ɗaya daga cikin masu riƙe ƙwallon nan uku ya zauna a benci. Ga kuma Fabrairu, lokacin da ake karɓe zaurensu don bikin dabbobi da sukuwa, su yi makonni suna yawon baƙunta.

A ganina, in lafiya ta samu, za su ci tsakanin 43 da 47, su shiga wasan cike gurbi, wataƙila su tsallake. In Castle ya ɗaga hannunsa zuwa kashi 34, ana iya zancen na shida. Sai dai abokan hamayyarsu na Yamma ba su yi barci ba: Houston ta ɗauko Kevin Durant, Oklahoma ba ta rasa kowa cikin manyanta ba.

Roƙona, tunda wasannin suna kamawa ƙarfe ɗaya ko biyu na dare a agogonmu kuma yawancin masu sauraro a bakinku suke jin sakamako, ku riƙa faɗin mintin da Wembanyama ya yi, da na nesa nawa Castle da Harper suka jefa suka ci, da yadda maki ya tafi lokacin da yake benci. Wasansu na farko a Dallas ne, ran 22 ga Oktoban 2025.

Na gode, a huta lafiya.

Mai sauraronku,
daga unguwar Zariya, Maradi