Rahoton Shekara na Kwamitin Gano Tsofaffin Maƙabartun Karkara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamanmu da sauran 'yan uwa mambobi, ga bayanin aikin da kwamiti ya gudanar daga kakar bara zuwa ta bana a ƙauyukan ƙaramar hukumarmu, nan kudancin Jihar Kano. Lissafin kuɗi yana cikin takardar ma'aji. Jerin wuraren da aka gano, da lambobin awonsu, yana cikin rajistar da ke hannun sakatare, duk mamban da ke son dubawa ƙofa a buɗe take. Da gangan muka ƙi sa lambobin a nan, domin wannan takarda tana yawo a waya, kuma ba duk mai neman tsohon kabari ne yake nemansa don alheri ba.

Ƙa'idar da aka yi aiki da ita bana ita ce ta shaidu uku: bakin dattijo, alamar ƙasa, da taswira ko hoton sama. Ba a rubuta wuri a matsayin maƙabarta sai biyu daga cikin ukun sun haɗu. Wanda ya sami shaida ɗaya ana sa shi a shafin "ana zato", a sake komawa. Tono kuwa babu shi sam, haka soka ƙarfe a ƙasa don jin taushi. Malamanmu sun ja kunne tun farko cewa a mazhabar Malikiyya kabari hubusi ne, wato waƙafi, ga mai shi, ba a taka shi, ba a tone shi muddin akwai sauran ƙashi a ciki, kuma a kan haka aka tsaya.

Zama da dattawa

Kowane ƙauye ana fara shi da gaisuwa a fadar dagaci, da takardar da hakimi ya sa wa hannu, sannan mai unguwa ya haɗa ayari da mutanen da suka fi daɗewa a garin. Liman yana da amfani, amma masu haƙa kabari sun fi kowa sani, domin su ne suke cewa "kada a matsa can, an taɓa cin karo da tukunya." Bayansu sai tsofaffin makiyaya da mafarauta.

Tambayar "ina tsohuwar maƙabarta?" ba ta kawo komai sai nuni ga wadda ake amfani da ita yanzu. Tambayar da take buɗe baki ita ce "Baba, ina aka kai kakanku?" ko "kafin garin ya dawo bakin titi, ina kuke zaune?" Shekara ma ba a tambayarta da lamba. Ana ɗaura ta ne a jikin abin da kowa ya sani: rasuwar Sarki Alhaji a 1953, zuwan Sarauniya a 1956, canjin hannun tuƙi a 1972, canjin kuɗi a 1973, sanƙarau na 1996. Idan dattijo ya ce iyayensa sun gaya masa an cika wurin ne a yunwar Kakalaba, ana maganar 1913 zuwa 1914 ke nan, kuma irin wannan wuri ba kasafai yake da layi mai tsari ba, saboda gaggawar da aka binne mutanen.

Babban giɓin da aka cike bana shi ne na mata. A shekarun baya maza kaɗai ke fita, suna tsayawa a zaure. Da 'yan uwanmu mata suka fara shiga cikin gida, sai ga wuraren da babu namijin da ya ambata: bayan gida da gefen danga inda aka riƙa binne jarirai da ƙananan yara, da kaburburan cikin gida na malamai da masu gari. Tsohuwar da ta binne 'ya'ya uku ba ta manta inda suke ba, ko da gidan ya zama gonar dawa shekara hamsin.

Abin da ƙasa take nunawa

Wanda ya san yadda ake gina kabarinmu ya san yadda yake lalacewa. Ana haƙa uwa, a tsaga 'ya a tsakiyarta, a kwantar da mamaci a gefen dama, kai kudu fuska gabas, a rufe bakin 'yar da itace ko fasassun tukwane, a toshe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tara tudu. Inda aka sa itace, gara takan cinye shi cikin 'yan shekaru, tudun ya rufta, ya bar kwari mai tsawon kamar mita biyu, faɗin da bai kai mita ɗaya ba, zurfin da wani lokaci bai fi taƙi ɗaya na hannu ba. Inda aka sa tukwane, tudun yakan daɗe, kuma idan ruwa ya wanke ƙasar sai a ga bakin tukunya mai kauri ya leƙo a kife, uku ko huɗu a jere.

Da tsakar rana ba a ganin wannan kwari ko ana tsaye a kansa. Daga ƙarfe bakwai zuwa takwas da rabi na safe, idan mutum ya tsuguna a yamma da filin ya fuskanci rana, sai inuwa ta kwanta a cikin kowane kwari, su fito layi-layi kamar an shimfiɗa tabarmi. Ranar da hazo ya rufe rana babu inuwa, fitar ta tashi a banza, an kuwa yi asarar ranaku da dama a watan Janairu ta wannan hanya. Lokaci na biyu mai kyau shi ne bayan ruwan farko da na biyu, domin kwarin yana riƙe danshi, ciyawarsa tana riga ta gefe yin tsanwa. Shi ya sa kowane wuri yake bukatar ziyara biyu, ɗaya bayan an kwashe kara dabbobi sun yi kiwo, ɗaya da farkon damina.

Daga yankin Kano alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa, don haka tsawon kabari ya kamata ya bi layin 158 zuwa 338. Mutanen da sun ɗauki mafitar rana ne alƙibla, saboda haka tsofaffin kaburbura sun fi kusa da kudu da arewa tsantsa, kuma layukan sukan ɗan karkata gwargwadon lokacin shekarar da aka haƙa su. Wannan ma'auni na Musulmi ne. Wuraren Maguzawa da na baƙi Kirista ba a gwada su da shi, ana dogara da bakin zuriyarsu, kuma suna shiga rajista daidai da kowa.

Kuskuren da sababbin mambobi suka fi yi shi ne ɗaukar kufai a matsayin maƙabarta. Kufai yana da tsingaro ƙanana iri-iri a warwatse, da toka, da dutsen niƙa, wani lokaci da kashin maƙera ko ramukan karofi. Gindin rumbu da tsohuwar rijiya zagayayyu ne, kabari kuwa dogo. Tsohuwar kunya tana tafiya ba yankewa, kwarin kabari yana yankewa duk bayan mita biyu. Kuka da tsamiya suna nuna an zauna a wurin, maƙabartar takan kasance can gefe. Kurmin magarya, aduwa da sabara da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar gonaki, babu mai sara babu mai noma, shi ne abin da ya fi cancanta a tambaya. Darbejiya ba ta shaidar tsufa, a zamanin Turawa ta shigo ƙasar nan.

Taswira da hotunan sama

An yi aiki da tsofaffin taswirorin gwamnati na ma'aunin 1:50,000, inda santimita biyu take daidai da kilomita ɗaya. Ba su cika nuna maƙabarta ba, amma suna nuna ƙauyukan da yanzu babu su, da hanyoyin ƙafa da rijiyoyi. Sai hotunan tauraron ɗan adam na CORONA, waɗanda Amurka ta ɗauka tsakanin 1960 da 1972 ta kuma sake su ga jama'a a 1995. Mafi kyawunsu suna rarrabe abin da ya kai kamar mita biyu. Kabari ɗaya ba ya fitowa, amma filin da aka bari ba a noma ba a gefen gari yana fitowa sarai. Amfaninsu a wajenmu babba ne domin sun riga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 aka tashi ƙauyuka saboda ita. Wasu maƙabartun waɗannan ƙauyuka suna ƙarƙashin ruwa, wasu a gaɓa, ba sa bayyana sai a Afrilu da Mayu idan ruwa ya ja. Hotunan baya na Google Earth kuma suna nuna yadda gona take cin gefen wuri daga shekara zuwa shekara.

Wajen ɗora tsohon hoto a kan sabo, a kama da duwatsu, mahaɗar koguna da gadoji. Gidajen ƙasa suna tashi suna komawa wani wuri, wanda ya kama da su zai karkatar da aikin gaba ɗaya.

Kurakuran awo

Uku ne suka ja aka sake komawa wurare. Na farko, tsofaffin taswirori an zana su ne a kan ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin lambobin wuri na Najeriya, wayar hannu kuwa tana ba da lamba a kan tsarin GPS mai suna WGS 84, tsakaninsu akwai tazarar kimanin mita 80, galibinta gabas da yamma. Wanda bai juya lambar ba zai dasa turke a gonar maƙwabci, rigima ta tashi. Na biyu, cakuɗa digiri mai ɗigo da digiri da minti: 11.30 daban, digiri 11 da minti 30 daban, tsakaninsu kilomita 22 ne. Na uku, gajarta lamba. Lambobi huɗu bayan ɗigo suna barin kuskuren mita 11, biyar suna barin kamar mita ɗaya. Daga yanzu digiri mai ɗigo kaɗai za a rubuta, da lambobi biyar.

Waya a fili tana kuskuren mita uku zuwa biyar, a ƙarƙashin tsamiya ya fi haka. A tsaya minti biyu a kowace kusurwa kafin a rubuta, a ɗauka sau uku, sannan a ƙara da awon igiya daga abu biyu da ba sa motsi. Fom ɗin da ake cikewa a manhajar waya ta KoboCollect yana aiki ba tare da intanet ba, amma a riƙa cike na takarda a gefe, domin zafin Afrilu yana kashe waya. Ayarin mutum huɗu ya isa: mai tambaya, mai rubutu, mai awo, da ɗan garin.

Iyaka

Maƙabarta kullum ta fi abin da ido ya gani faɗi. Ba a taɓa cinye ta rana ɗaya, kunya ɗaya ce duk damina, garmar shanu ta shafe tudun gefe, baɗi a ɗauki inda garma ta tsaya a matsayin iyaka. Yawancin manoman da aka zauna da su gadon gonar suka yi a haka, ba su san abin da ke ƙarƙashi ba, kuma da aka nuna musu bakin tukunya da yawansu da kansu suka ja baya. Kwamiti yana ganin kuskure ne a je musu da zargi. Matsayarmu ita ce a ƙara mita goma bayan kabari na ƙarshe da aka gani, a zauna da mai gona gaban mai unguwa, a yi maganar abin da zai rasa a fili. Masu ɗibar burji da yashi da dillalan filaye su ne abin tsoro, domin tifa tana yi a mako ɗaya abin da garma ba ta yi a shekara ashirin.

Turakun da aka zuba masu tsawon santimita 90 ne, kauri 15 da 15, kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da rodi a ciki. Ana binne 60 a bar 30 a waje. Waɗanda aka dasa kafin su yi mako biyu ana ba su ruwa sun fashe, waɗanda ba a zurfafa ba kuma shanu sun kayar. Waɗannan turaku namu alama ce kawai, na hukuma sai safiyo mai lasisi ya dasa.

Shingen aguwa ya fi arha kuma dabba ba ta cin sa. A yanke reshe mai tsawon kamu ɗaya, a bar shi a inuwa kwana uku zuwa biyar bakin ya bushe, a dasa a ƙarshen bazara da tazarar taki ɗaya. Inda aka makara aka dasa a Agusta, ya ruɓe. Inda kwazazzabo ke tunkarar kaburbura, an jera buhunan ƙasa a kan bakinsa aka dasa jema a bayansu. Idan ruwa ya riga ya fito da ƙashi, a rufe da zane, a kira liman da mai unguwa, kada a ɗauki hoto.

Takarda

A nan ne aikin ya fi tafiyar hawainiya. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kafa maƙabartu da kula da su a kan ƙaramar hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ba ta ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara. Duk da haka takardun da aka shigar tun farkon rani ba su fito ba. Kafin su fito, kowane wuri ana rubuta masa takardar shaida mai ɗauke da zanen iyaka, sa hannun dagaci, mai unguwa, liman da masu gonakin da suka kewaye shi, a yi kwafi huɗu: na dagaci, na hakimi, na ƙaramar hukuma, da na ƙungiya.

Aikin baɗi zai fara da wuraren da shaidarsu take bakin mutum ɗaya tak, tsoho kuma, domin biyu daga cikin shaidu uku suna iya jira, wannan ba ya jira. Muna roƙon kowane mamba ya kawo wa sakatare sunan kufan da danginsa suka taso da sunan dattijo ko dattijuwar da za a fara gaisarwa, kafin a gama girbin dawa. Ana kuma bukatar ƙarin mata huɗu a ayarin tambaya, da mutum biyu masu jin Fulatanci saboda mashekaran da ke gaɓar ruwa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan.