Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Bauchi, Sanata Bala Mohammed

Ranka ya daɗe, Ƙauran Bauchi, assalamu alaikum.

Ni malamin firamare ne a cikin garin Bauchi, na rubuto ne a kan labaran ƙarya da ke yawo a cikinmu, kuma bari in fara da tona wa kaina asiri. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, wayata ta yi ƙara tun kafin kiran assalatu. Yayata ce, muryarta na rawa, wai a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Ban ce mata wa ya faɗa ba. Na tashi iyalina muka juye gishirin miya kaf a bokiti. Ni mai riƙe alli! Gari ya waye jikina fari fat kamar an barbaɗa mini toka, daga baya muka ji gishirin nan ya kwantar da mutane a asibiti, har an rasa rayuka.

A Oktoban 2023 kuma, da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa, sai ga saƙon murya yana yawo a WhatsApp. Wani ne da bai faɗi sunansa ba, wai allurar hana haihuwa ce. Kafin a fita tara iyaye mata sun cika ƙofar makarantarmu. Wata ta zo hijabi a baibai, hannunta duk ƙullun ƙosai, ta fizgi 'yarta ko jaka ba su ɗauka ba. Maganar da ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ce ta dawo da sabuwar riga, alhali sai a 2020 aka tabbatar mun rabu da wannan cuta.

Matan nan ba wawaye ba ne, ranka ya daɗe. Son 'ya'yansu ne ya sa su gudu. Ƙaryar ta riga isa gare su, da Hausa, a tafin hannu, bayanin gaskiya kuwa ya biyo baya yana jan ƙafa. Shi ya sa ban ga amfanin kame ba. In ka kama wanda ya tura saƙon, ina za ka kai dubun da suka yarda?

Gyaran yana cikin aji, laifin ma namu ne malamai. Mun saba da hadda. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina ka samo wannan?" sai mu kira shi fitsararre. Ina roƙon a ware ko da rabin awa a mako, a kawo wa yara saƙo ko hoto, su bi diddiginsa: wa ya faɗa, yaushe, da idonsa ya gani ko ji ya yi, me zai ƙaru da shi in mun yarda? Wannan ba baƙon ilimi ba ne. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincikar labari, malaman hadisi kuma ba su karɓar magana sai sun san daga bakin wa ta fito. Gidan rediyon jiha, BRC, shi ma ina roƙon ya buɗe fili da Hausa da Fulfulde, mutum ya bugo ya ce ga abin da ya ji, masani ya amsa masa a ranar.

Saura mai ɗacin. A Maris na 2020 da korona ta kama ka, an fito an faɗa, ba a ɓoye ba, lokacin da rabin gari ke cewa cutar ƙanzon kurege ce. Irin wannan muke so a kan albashi, taki da kwangila. Ka kuma ja kunnen sojojin baka na kowane ɓangare, har da masu cewa don kai suke yi, domin ɗalibaina suna ganin yayyensu na ƙirƙirar labari saboda kuɗin data.

In an amince da rabin awar nan, a fara da ajina. Yara 70 ne da ɗoriya, allon ma ya dusashe, amma ina da saƙon gishirin da zan fara ba su labari.

Naka,
Wani malamin firamare, Bauchi.