Malam Edita, labarin Jackie Robinson ya wuce maganar haƙuri

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ni mai sauraron shirinku na wasanni ne tun da daɗewa, kuma na ji daɗi sosai da kuka ɗan ajiye ƙwallon ƙafa a shirin da ya wuce kuka taɓo fim ɗin nan mai suna 42, wanda ya fito a 2013 kan rayuwar ɗan wasan besbol Jackie Robinson. Amma akwai inda ban gamsu ba shi ya sa na ce bari in rubuto, don mai gabatarwa ya yi ta maimaita cewa darasin fim ɗin shi ne haƙuri, a zage ka ka yi shiru Allah zai saka maka. To wallahi ni ba haka na fahimci mutumin nan ba.

Ga waɗanda ba su san labarin ba, besbol wasa ne na Amurkawa, wani ya jefo ƙwallo wani ya maka mata sanda ya ruga da gudu, ni kaina har yau ban gama gane ƙa'idojinsa ba kuma hakan bai hana ni jin daɗin fim ɗin ba. Shekaru kusan sittin babu baƙar fata ko ɗaya a babbar gasarsu, ba wai an rubuta doka ba ne, masu kulob ne kawai suka haɗa baki, baƙaƙe suna tasu gasar daban. Sai ranar 15 ga Afrilu 1947 Robinson ya fito fili da rigar Brooklyn Dodgers mai lamba 42. Wanda ya ɗauko shi shi ne shugaban kulob ɗin, Branch Rickey (Harrison Ford ne ya fito a matsayinsa), kuma sharaɗin da ya gindaya masa tun 1945 shi ne duk abin da za a yi masa kada ya rama.

To a nan ne nake so a lura. Wannan shirun yarjejeniya ce aka yi, ba halinsa ba ne ko kaɗan. A 1944 yana soja a sansanin Camp Hood da ke Texas direban bas ya ce ya koma baya inda baƙaƙe ke zama, ya ce ba inda za shi, har aka kai shi kotun soja kuma kotun ta wanke shi. Wannan fa shekara 11 ke nan kafin Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba wa Bature kujerarta a bas, ta yi nata a 1955. A fim ɗin a baki kawai aka ambaci wannan aka wuce, alhali ni a gani na nan ne za ka san wane ne shi. Mutum mai zuciya irin wannan a ce kocin Philadelphia, Ben Chapman, ya tsaya a bakin fili yana ta zazzaga masa ashar kan launin fatarsa a gaban dubban mutane shi kuma ba damar ya ce uffan, ai wannan ba sanyin hali ba ne, cin wuta ne yake yi a ciki, ya san in ya kai duka sau ɗaya shi ke nan an rufe ƙofar ga duk na bayansa. Inda Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Robinson, ya shige lungu ya ragargaza sandarsa yana kuka shi ne wajen da ya fi taɓa ni, sai da na tsayar da fim ɗin na ɗan huta.

Kuma fim ɗin a kakar 1947 ya tsaya, shi ya sa mai kallo zai tashi da tunanin cewa haka ya yi ta haɗiyewa har ya mutu. Ina! Daga 1949 ya fara buɗe baki, yana musu da alƙalan wasa, yana faɗin abin da ke ransa ga 'yan jarida, kuma a shekarar ce ma aka ba shi gwarzon ɗan wasan gasarsu. Wasu da suke yabonsa lokacin da yake shiru sai suka koma cewa ya cika tsiwa. Bayan ya ajiye wasa a ƙarshen 1956 ya shiga fafutukar 'yancin baƙaƙe gadan-gadan, yana tara wa NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, kuɗi, har da shi aka kafa banki a unguwar Harlem ta birnin New York. Kwana tara kafin rasuwarsa a Oktoba 1972 an karrama shi a fili, a maimakon ya yi godiya ya sauka sai ya ce shi zai fi farin ciki ranar da ya ga baƙar fata yana horar da kulob. Bai ga ranar ba, sai 1975 aka samu na farko. Shekararsa 53 kacal ya rasu, ga ciwon suga ga na zuciya, idonsa ma ya kusa tafiya.

Wani abu kuma da ba ku faɗa ba, Rickey ba waliyyi ba ne, ɗan kasuwa ne, ya ga 'yan kallo baƙaƙe da kuɗinsu. Ko sisi bai biya Kansas City Monarchs ba, kulob ɗin baƙaƙen da Robinson yake bugawa kafin nan, kuma da aka yi ta kwashe taurarinsu gasar baƙaƙen durƙushewa ta yi. Ga Boston Red Sox ma ba su sa baƙar fata a wasa ba sai 1959.

Abin da ya sa na damu shi ne yaranmu suna jin ku, kuma suna ganin abin da ake yi wa irin su Vinicius a Sifen, ran da ya tsaya ya nuna masu yi masa kukan biri a Valencia a 2023 a gidan kallon unguwarmu sai da aka samu masu cewa shi ne ya cika rigima. In muka ce musu Robinson shiru ya yi har aka ji tausayinsa, mun ba su rabin labari.

Don Allah in da hali ku sake ware ko minti goma ne ku kawo sauran. Af, kuma ku gyara, mai gabatarwa ya ce kulob ɗinsa ne kawai ya daina ba da lamba 42, a'a, tun 1997 duka kulob-kulob ɗin babbar gasar ne suka jingine ta, sai dai duk 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa ya saka ta. Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
mai sauraronku daga Zariya