Masu haɗa wayarin motar kwana da kanku, ku bar fiyus ya yi aikinsa

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja hankalin masu irin motocin nan da ake mayar da cikinsu ɗaki, da gado da firji da fanka da famfon ruwa, musamman waɗanda suka ce ba sai sun kira rewaya ba, su da kansu za su ja wayarsu.

Ni ban ga laifin mutum ya yi da kansa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake raina wutar batir, wai ai bolt 12 ce ba ta jan mutum. Eh ba ta ja, amma wallahi tana ta da gobara. Lissafin ma a fili yake, inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, mai wat 1000 in tana aiki sosai sama da amfiya 80 take zuƙa daga batir, alhali wat 1000 ɗin nan a wutar gida mai bolt 230 ko amfiya 5 bai kai ba, toh ka ga wayar da ta isheka a gida in ka ɗaura ta tsakanin batir da inbata narkewa kawai za ta yi, can bayan katako inda ido ba ya gani sai dai ka ji ƙauri.

Kuma fiyus ɗin nan waya yake gadi, ba firji ko rediyo ba. Shi ya sa ake zaɓarsa daidai da kaurin waya, kuma ake manna shi dab da kan batir na fositif, don duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai kare ta. Amma sai ka ga mutum jan fiyus mai amfiya 10 ya ƙone masa, ya cire ya cusa ruwan ɗorawa mai 20, shi ma ya ƙone ya sa kore mai 30, wani ma zaren waya zai naɗa a wurin ya ce shikenan an wuce wajen. Malam ba a wuce ba fa! Wani abu ne ya ƙona shi, galibi waya ce ta gogu da ƙarfen bodi ta feɗe, saboda an zura ta ta huda ba a sa mata zoben roba ba. Ɗauko mitar gwada wuta ka bi layin har ka gano wurin.

Sannan mota girgiza take yi kullum, wayar gini mai ƙwaya ɗaya karyewa take, a nemi mai zare-zare, a matse bakinta da kan waya na ƙarfe, ban da murɗawa da hannu a lafta salatif. Kafin a taɓa komai a fara cire negatif, a tuɓe zobe da agogo, don sufana in ta haɗa kawunan batir biyu nan take take yin ja.

Ɓangaren da ake jonawa da wutar gari kuwa in an yi fakin, wannan kam kisa yake yi, ni shawarata a bar wa ƙwararre ya haɗa shi ya kuma gwada na'urar nan mai yanke wuta in ta fara zurara.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku