Rahoton ayyukan shekara ga mambobi: matasanmu masu ciwon suga a jihar Kebbi

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa mambobi. A madadin kwamitin gudanarwa, ga abin da muka yi bana da abin da ya gagare mu.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne zaman wata-wata na samari da 'yan mata a Birnin Kebbi, inda muka roƙi iyaye su bar yaran da ma'aikaciyar jinya kawai. Mun san wasunku ba su ji daɗi ba da farko. To amma a nan ne baki ya buɗe. Wani ɗan makarantar kwana ya ce tun ranar da 'yan ɗakinsu suka fara ce masa ɗan ƙwaya ya koma yin allurar insulin, wato maganin da ke sauke suga a jini, a banɗaki, idan ya tarar da mutane kuma sai ya haƙura da ita. Wata yarinya ta ce an hana ta gaya wa ko ƙawarta cewa tana da ciwon suga, kada magana ta kai kunnen masu neman aure. Yawancin tsallake allurar da muke kira taurin kai, a ganinmu, kunya ce da gajiya.

Likitan da muka gayyato ya bayyana wa iyaye cewa a shekarun balaga sinadaran girma suna rage ƙarfin insulin a jiki, saboda haka suga kan hau ko yaro bai taɓa abin da aka hana shi ba. Muka yi shawara kada "suganka nawa yau?" ya zama gaisuwar gida. A bari yaro ya ajiye jaka tukuna.

Mun zauna da malaman makaranta a Argungu da Jega. Mun nuna musu cewa idan suga ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji, yaro kan yi gumi da rawar jiki da fushi, har ya yi magana ba kan gado. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma iskoki ba. Muddin yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan take.

Kafin azumi wani malami ya karanta wa matasan aya ta 185 a Suratul Baƙara kan rangwamen da aka yi wa mara lafiya. Wasu har hawaye suka yi, don sun daɗe suna jin kamar masu laifi.

Ranar 14 ga Nuwamba mun yi taron Ranar Ciwon Suga ta Duniya, wadda ta dace da ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921.

Yauri da Zuru kam ba mu kai ba, kuɗin mota ya fi ƙarfin asusu. Abin da ya shigo kusan duka a tsinken gwajin suga, wanda ake ɗiga wa jini a sa a na'ura, ya ƙare, saura muka sayi ƙananan tukwanen ƙasa na sanyaya insulin ga gidajen da ba firji, ganin yadda zafin Afrilu ke haura digiri 40 a nan. Har yanzu kuma ba mu samu ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa da zai riƙa zama da yaran ba, shi muka sa a gaba baɗi. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin zama na gaba.