Wasiƙa ga iyaye: tumatirin yaranmu da ya ƙi girma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, da kakanni da yayye masu riƙon yara, muna gaishe ku da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri.

Mako uku ke nan da muka bai wa 'yan aji huɗu zuwa shida irin tumatir, muka ce kowa ya shuka a gwangwani a gida. Mun ce a fara rainonsa a ɗaki saboda ruwan Satumba da Oktoba na Kumasi yana dukan ƙaramin tsiro ya kwantar da shi, ga kuma awaki da kajin zango da ba sa barin koren ganye ya kwana. To, tun makon jiya saƙonni suke zuwa daga Aboabo da Asawase da Sawaba, kusan duk magana ɗaya: ya tsiro, amma ya tsaya cak. Wasu sun ce irin ne ba shi da kyau, wasu sun ce a ba su taki. Ranar Litinin na sa yaran suka kawo gwangwanayensu, ni da malamin kimiyya muka duba su ɗaya bayan ɗaya, muka zazzage wasu muka ga saiwar. Irin lafiyarsa lau. Don Allah kada a zubar.

Abin da ya fi yawa shi ne rashin rana, kuma a nan mu ne ba mu yi wa yara cikakken bayani ba. Ƙwayar iri ba ta buƙatar haske kafin ta fito, amma daga ranar da ta huda ƙasa tana neman rana ta awa 6 ko fiye a yini. Ɗakunanmu na gidan haya kuwa taga ɗaya ce, ita ma da labule, wani lokaci bangon maƙwabci ya tare ta. Hasken da ya ishe mu karatu bai ishi tumatir ba. Za ku gane irin wannan tsiron da ganinsa: ya yi tsawo, ya sirance kamar zare, ya koɗe, ya karkata wajen taga, ganyensa biyu ne tak a sama. Zafin kwanon rufi da rana tsaka yana ƙara masa wannan miƙewar, domin zafi na tura shi ya girma alhali ba shi da hasken da zai haɗa abinci. Maganinsa baranda ko tsakar gida. Sai dai kada a ɗauko shi daga duhu a dire shi a ranar azahar, zai ƙone. A fara da awa ɗaya ko biyu na hantsi, a riƙa ƙarawa kullum har mako guda. A kife masa kwando mai manyan idanu ko a rufa tsohon gidan sauro saboda kaji, in hadari ya taso a shigar da shi. Wanda ya riga ya sirance ma ba asara ba ce. Tumatir yana fitar da saiwa a jikin kararsa, don haka a ƙara ƙasa a binne karan har kusa da ganyen farko.

Sai ruwa. Wata yarinya 'yar aji biyar ta gaya mini cewa ita tana ba nata ruwa kafin ta taho makaranta, mamarta ta ƙara da hantsi, kakanta kuma duk alwalar da ya yi sai ya tsiyaye ragowar butar a gwangwanin. Na ji daɗin yadda gidan gaba ɗaya ya ɗauki shukar yarinyar da muhimmanci. Amma da muka zazzage, ƙasar ta zama taɓo, saiwar ta yi launin ruwan ƙasa tana wari. Saiwa tana numfashi. In ruwa ya cika duk kafofin ƙasa, iska ba ta shiga, sai tsiron ya yi yaushi tamkar mai jin ƙishi, a ga haka a ƙara masa ruwa, abin ya ƙara lalacewa. A gida a bar mutum ɗaya da bayin ruwa, kuma yaron ne ya kamata. Ya tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓar farko, in ya ji danshi ya bari sai gobe. A duba gindin gwangwanin: da yawa ba a huda su ba sam. Ƙusa da dutse sun isa, huji huɗu ko biyar. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuma kada ya kusance shi, sabulu da gishiri suna kashe saiwa.

Akwai waɗanda muka samu karan ya tsuke daidai bakin ƙasa, ya yi baƙi, tsiron ya faɗi. Wannan cutar fumfuna ce da ke zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma wanda ta kama ba ya tashi. A zubar da ƙasar, a wanke gwangwanin da ruwan zafi, yaron ya zo ya karɓi sabon iri, muna da saura. A wannan karon a zuba tafasasshen ruwa a sabuwar ƙasar, a bari ta huce ta tsane kafin a shuka, kuma zurfin ramin kada ya wuce santimita 1.

Ƙasar ma da magana. Jar ƙasarmu ta Kumasi in ta sha ruwa ta bushe a gwangwani sai ta ƙame kamar tubali. A cakuɗa ta da baƙar ƙasa da ɗan yashi da takin da ya ruɓe sosai. Yara da dama sun ɗebo garin katako daga wajen kafintoci, da yake garinmu ba ya rasa shi, daga kasuwar katako ta Sokoban har cikin unguwa. Yana sa ƙasa ta yi laushi, gaskiya ne, amma in sabo ne, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna cinye sinadarin naitirojin da tsiron yake buƙata, sai ganye ya yi rawaya girma ya tsaya. Ɗanyen kashin kaji kuma ƙone saiwa yake yi. Duka biyun sai sun ruɓe sun yi baƙi, warinsu ya tafi.

Game da takin zamani da aka yi ta tambaya, ra'ayina shi ne a bar shi a ƙarshe. Ganye biyun farko masu santsi daga cikin ƙwayar suka fito, kuma guzurin da ke cikinta yana riƙe tsiron kwanakin farko. Bayan fitowarsu yakan ɗan tsaya yana kafa saiwa, wannan ba ciwo ba ne. Sai ganye na gaskiya, mai tsaga-tsaga mai ƙamshin tumatir, ya fito guda biyu sannan a fara ciyar da shi. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na takin zamani mai suna NPK 15-15-15 a ruwa lita 4, a zuba kaɗan a ƙasa sau ɗaya a mako, ban da kan ganye. Babba ne zai haɗa, a kuma ajiye shi inda ƙanana ba za su kai ba. Taki a kan tsiron da ba ya ganin rana ko wanda saiwarsa ke ruɓewa ƙara masa wahala yake yi.

In tsiro ya fi biyu a gwangwanin madara, a rage a bar mai ƙarfi ɗaya. Yara ba sa son wannan, na ga wani har da hawaye, don haka a taimaka musu su mayar da sauran cikin ledar fiya wata da aka huda. A riƙa leƙa bayan ganye kuma. In an ga ƙananan fararen ƙudaje suna tashi, a sanar da mu, domin su ne ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ta tsugunar da shi, kuma ba ma so ta shiga lambun makaranta.

Manoman Akomadan da Tuobodom, waɗanda tumatirinsu ke cika kasuwanninmu, sukan yi dashe bayan mako uku zuwa huɗu da shuka. Namu zai ɗan makara, ba komai. Duk wanda ya yi ganye na gaskiya huɗu zuwa shida, karansa ya yi kauri, za mu dasa shi a bayan ajujuwa da yamma bayan la'asar. Muna fata in Allah ya yarda zuwa Ranar Manoma, Juma'ar farko ta Disamba, ya fara 'ya'ya ku zo ku gani.

Kowane yaro yana da shafi a littafinsa na kimiyya inda zai riƙa rubuta tsawon tsironsa da yawan ganyensa duk Litinin da Alhamis. A taya mu dubawa a sa hannu. Ranar Litinin mai zuwa kowa ya sake zuwa da gwangwaninsa, har da wanda ya mutu. Iyayen da suka taɓa noman lambu a gida arewa kuma suke da sarari, muna roƙon su zo ranar dashe su nuna wa yara da hannunsu. A faɗa wa malamin ajin yaro kafin Juma'a domin mu san adadin fartanyar da za mu aro.

Wassalam,
Shugaban makaranta